Yaya zan kulle foldata a kwamfutar da kowa ke taɓawa a gida?

Maman Ummi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah masu ilimin kwamfuta ku taimaka min. Laftof ɗaya ce a gidan, ni ina aikina a kanta, yara suna asaimen da kallon katun, ƙanin maigida ma in ya zo hutu ita yake ɗauka. To akwai wata folda da nake ajiye takardun mutanen da nake wa aiki, hotunan katin shaida da fasfo da bayanan banki, ga kuma hotunana na kaina. Ba wai ina zargin kowa ba ne, amma amana ce a hannuna kuma yaro bai san abin da zai danna ya goge ba. So nake in sa mata faswod yadda in an danna sai ta tambaya, kuma ba na son sauko da wani af daga intanet don tsoron bairos nake. Windows 11 ce. Akwai hanya a cikin ita kanta Windows ɗin?

Autan Gida:
wslm anti abu mai sauƙi ai, ki danna ɓangaren dama na mawus a kan foldar ki shiga Properties ki yi wa Hidden alama ki danna OK shikenan ta ɓace ba mai ganinta

Mai Gyara:
Wa alaikumus salam Hajiya. Auta wannan ɓoyewa ce ba kullewa ba. Duk wanda ya buɗe File Explorer ya danna View ya je Show ya yi wa Hidden items alama, ga foldar nan ta dawo fili, launinta ne kawai zai ɗan dusashe, kuma dusashewar ma ita za ta nuna masa cewa nan ne ake ɓoye abu. Yaran yanzu kuwa wannan ba ya kai musu minti guda.

Autan Gida:
to ai akwai mai ƙarfin, ka buɗe cmd, baƙar tagar nan da ake rubuta wa kwamfuta umarni, ka rubuta attrib +h +s da sunan foldar, ko an kunna Hidden items ba ta fitowa, gwada ka gani

Mai Gyara:
Na sani, amma ka shiga Options na File Explorer ka cire alamar da ke kan Hide protected operating system files ka ga ko ba ta fito ba. Ko ma ba wannan, in mutum ya san sunan foldar ya rubuta hanyarta a saman tagar ya danna Enter kai tsaye za ta buɗe, ba abin da zai tambaye shi. Sannan in Hajiya ta buɗe takarda da Word daga cikin foldar, gobe yaro ya buɗe Word zai ga sunan takardar a jerin waɗanda aka buɗe kwanan nan, dannawa ɗaya ya shiga.

Baban Hanif:
Akwai wani salo da ake koyarwa a YouTube, za ka kwafi wani rubutu ka zuba a Notepad ka sa faswod ɗinka a ciki ka ajiye shi da .bat a ƙarshe, in ka danna shi sai ya tambaye ka faswod kafin foldar ta fito. Ba af ba ne, Notepad ce kawai. Wannan fa?

Mai Gyara:
Ranka ya daɗe wannan ya fi na Auta haɗari don yana sa mutum ya saki jiki. Ka buɗe fayil ɗin .bat da Notepad, faswod ɗinka na nan a rubuce ɓaro-ɓaro kowa zai karanta. Abin da yake yi kawai canza wa foldar suna da sa mata attrib ɗin nan da muka gama magana a kai. Bari in faɗi abin da mutane ba sa son ji, Windows ba ta da maɓallin da za ka danna ka sa wa folda ɗaya faswod, ba haka aka gina ta ba. Ita mutane take rarrabewa, kowa da akawun ɗinsa da faswod ɗinsa, sai ta hana wannan shiga kayan wancan. Hajiya tambayar farko, in kun kunna laftof ɗin duk da suna ɗaya kuke shiga?

Maman Ummi:
Eh malam suna ɗaya ne, ko faswod ma babu, ana buɗewa take shiga. Tun da aka kawo ta haka take.

Mai Gyara:
To nan matsalar take. Muddin da akawun ɗaya kuke shiga, a wurin kwamfutar ke da yaran da ƙanin maigida duk mutum ɗaya ne, duk ikon da kike da shi suna da shi, duk dabarar da kika yi da hannunki suna iya warware ta da nasu. Abin yi, ki fara sa wa wannan akawun ɗin faswod a Settings, Accounts, Sign-in options, ya zama naki tunda kayanki na ciki. Sai ki koma Accounts ki shiga Other users ki danna Add account, zai nemi imel, in ba kya son buɗe wa yara akawun ɗin Microsoft ki zaɓi layin da ya ce ba ki da bayanan shigar mutumin, daga nan ki zaɓi ƙara mutum ba tare da akawun ɗin Microsoft ba. Ki yi wa yara nasu, ki yi wa baƙi nasu. Sabon akawun da kansa yake zuwa a matsayin Standard, kar ki taɓa shi, kar ki mayar da shi Administrator ko da sun yi miki magiya. Abu na ƙarshe da mutane ke mantawa, kariyar tana aiki ne a kan abin da ke cikin foldar sunanki, wato C, Users, sunanki, inda Documents da Pictures da Desktop da Downloads suke. In foldar taki a ɓangaren diski na D take ko a bakin C ko a cikin Public, yawanci kowa zai iya buɗewa ko da akawun ɗinku goma.

Kawu:
Ni dai tambayata, mace da mijinta da 'ya'yanta a gida ɗaya meye na kulle-kulle? Abin da ke kawo zargi kenan a gidaje. In ba ka da abin ɓoyewa ai ba ka neman makulli.

Anti Malama:
Haba Kawu, ka karanta abin da ta rubuta mana. Katin shaidar mutane ne da bayanan bankinsu, ba nata ba ne balle ta ce ta yafe. In yaro ya tura wa abokinsa hoton fasfo ɗin wani cikin wasa wa za a kama? Ni takardun jarrabawa nake shiryawa a kwamfutar gida kuma ɗana a makarantar da nake koyarwa yake, kana so in bar masa a buɗe don kar ya ce ina zarginsa?

Kawu:
To na ji, a yi haƙuri. Amma dai maigida ya san da maganar.

Maman Ummi:
Kawu shi ya ce ma in tambaya, don shi ma an taɓa goge masa abu 😂 Malam Mai Gyara to ga wata matsalar, ƙanin maigida shi yake saka gem da manhajoji, in na mai da shi Standard ai kullum sai ya zo nemana.

Mai Gyara:
Ya zo ɗin, ki sa masa faswod da hannunki ki ga me yake sakawa, ai riba biyu ce. Dalili kuwa, adimin yana iya shiga foldar kowa. In ya danna foldar sunanki za ta ce masa ba shi da izini amma ga maɓallin Continue a ƙasa, yana dannawa ta ba shi izinin dindindin, ba faswod ɗinki take nema ba. Ko kin shiga Security a Properties kin hana shi da sunansa, zai iya mai da kansa mamallakin foldar ya cire hanin. Shi ya sa nake cewa adimin ɗaya a gida. In biyu ne to ku biyun babu sirri a tsakaninku, ku san da haka kawai.

Ɗan Linux:
Yaya Mai Gyara duk abin da ka faɗa daidai ne amma ka rage rabi. Izinin nan na NTFS, wato tsarin da Windows ke ajiye fayiloli da shi a diski, Windows ce kaɗai take mutunta shi. Ka ba ni laftof ɗin da filasha mai Ubuntu a ciki, wato wani nau'in Linux da ke tayar da kwamfuta a madadin Windows, in tayar da ita daga filashar, duk foldar Users zan gani a buɗe ba wanda zai tambaye ni komai, ko in kwance diskin in jona shi a wata kwamfutar. Kamar mai gadi ne a bakin ƙofa alhali bangon baya a rushe yake. In bayanan mutane ne da gaske to sai an yi musu inkirifshin, yadda ko an kwashe su tarkacen lambobi kawai za a gani sai mai makulli.

Mai Gyara:
Ban musa ba, amma mu bi a hankali kar mu rikita ta. Yaro ɗan firamare ba zai tayar da Ubuntu ba. Wanda ya sace laftof ko mai gyaran da ba shi da amana shi ne zai yi. Kowanne da maganinsa.

Baban Hanif:
To ai akwai shi a Windows, Properties, Advanced, ka yi alama a Encrypt contents to secure data. Ni a tawa ina ganinsa.

Maman Ummi:
Na duba yanzu, rubutun na nan amma ya yi fari-fari ba ya dannuwa.

Mai Gyara:
Ki danna maɓallin Windows da R tare ki rubuta winver ki faɗa mana abin da ya rubuta, Home ko Pro.

Maman Ummi:
Home ya rubuta

Mai Gyara:
Shi ya sa. Wannan abin sunansa EFS, tun Windows 2000 yake nan, amma ba a sa wa Home, sai Pro da Enterprise da Education. Baban Hanif kai da kake da shi bari in ja maka kunne tun kafin ka danna, don a duk kayan Windows ba wanda na ga ya sa mutane kuka kamarsa. Yadda yake aiki, yana ƙirƙirar makulli ya ɗaure shi da akawun ɗinka da faswod ɗinka. Kai in ka shiga ba za ka ga bambanci ba sai ɗan hoton kwaɗo a jikin fayil ɗin, kana dannawa yana buɗewa, wani akawun kuwa zai ga sunayen fayilolin amma ba zai iya buɗe su ba ko da adimin ne. Har nan lafiya. Amma makullin a cikin Windows ɗin yake zaune, ranar da ta lalace aka yi fomatin to ya tafi. An taɓa kawo min laftof an riga an yi mata fomatin a wani wurin, mai ita ya kwafe foldarsa a D yana murna kayansa na nan, ga sunaye ga girman kowane fayil yana gani da idonsa amma ko ɗaya ba ya buɗuwa, ya zauna a gabana yana ta danna hoton ɗaurin aurensa tana ce masa ba shi da izini, ba abin da na iya yi masa kuma ba wanda zai iya. Haka in ka manta faswod na akawun ɗin da ba na Microsoft ba wani adimin ya sake maka sabo daga nasa ɓangaren, za ka shiga akawun amma fayilolin ba za su buɗe ba. In kai ka canza da kanka ta hanyar sa tsohon sannan sabon ba matsala. Don haka ranar da ka kunna shi ranar za ka fitar da makullin, Windows ma za ta tuna maka ta gefen agogo, ko ka rubuta cipher /x a cmd, zai ba ka fayil mai .pfx a ƙarshe ka sa masa faswod ka ajiye a filasha daban, ba a cikin laftof ɗin ba dan Allah.

Baban Hanif:
Kai, Allah ya saka da alheri, da yanzu zan danna wlh. To BitLocker fa? Na ga shi ma a tawa, ba gara in kunna shi in huta ba?

Ɗan Linux:
Ka kunna, yana da kyau, shi ne yake toshe hanyar filashar da na faɗa. Da Windows Vista ya fara zuwa, diskin gaba ɗaya yake kullewa. Amma ka gane, a yawancin laftof makullin yana cikin wani ɗan cif da ake kira TPM, kana kunna kwamfutar yake buɗe diskin da kansa, ya buɗe wa kai ya buɗe wa yaranka. Ɓarawo yake hanawa, ba ya raba 'yan gida. Masu raba 'yan gida akawun ne. Su biyun tare ake haɗawa.

Mai Gyara:
Amma akwai dabarar da ta fi kusa da abin da Hajiya ta nema tun farko, wato abin da in an danna zai tambayi faswod, kuma da BitLocker ake yi. Ka buɗe Disk Management ka danna Action ka zaɓi Create VHD, ka ba shi girman da kake so, zai yi maka fayil guda ɗaya wanda Windows ke ɗauka kamar diski ne na daban. Ka yi masa Initialize ka yi New Simple Volume ya samu harafi kamar E ko F, sai ka kunna masa BitLocker da faswod. Ka zuba kayanka, in ka gama ka yi masa Eject kamar filasha. Ko adimin ne ya jona shi sai ya sa faswod. Abu biyu dai, lokacin da yake buɗe in ka tashi ka bar wani ya shiga nasa akawun ba ka cire ba zai iya ganin diskin, sannan kullewa ba ta hana gogewa, fayil ɗaya ne, wanda ya kai gare shi ya goge ya tafi da komai. Kwafi a wani wurin dole ne.

Maman Ummi:
To ni mai Home shikenan na tashi a tutar babu kenan 😭

Mai Gyara:
A'a Hajiya. Ki duba Settings, Privacy & security, ki ga ko akwai Device encryption. Shi ne ƙanin BitLocker da ake ba wa Home in na'urar ta cika sharuɗɗa, sai dai yana son ki shiga da akawun ɗin Microsoft don can yake ajiye makullin ceto. In yana kunne kuma ke kaɗai ce adimin, to kin rufe ƙofar yara kin rufe ta ɓarawo, a ganina ya ishe ki. In kina son ƙari, Home ba ta iya sa wa filasha BitLocker amma tana iya buɗe wadda aka riga aka sa wa, sai ki sami kwamfuta mai Pro a kulle miki filasha ki sa faswod da hannunki, takardun mutane su zauna can ba a laftof ba. Takardun Word da Excel kuma kowacce tana ɗaukar faswod ɗinta ta File, Info, Protect, Encrypt with Password, kuma na gaske ne, in kin manta shi sai haƙuri.

Anti Malama:
Ni Personal Vault na OneDrive, ma'ajiyar Microsoft ta intanet, nake amfani da shi, yana neman ƙarin tabbaci kafin ya buɗe kuma yana kulle kansa in an bar shi minti 20. Sai dai na kyauta fayil 3 kawai yake ɗauka, ni ya ishe ni don takardun jarrabawa ne, amma mai hotuna da yawa ba zai yi mata ba.

Autan Gida:
to a yi zip a sa faswod mana

Ɗan Linux:
A zamanin Windows XP ana yi, yanzu zip ɗin da ke cikin Windows ba ya sa faswod, sai ka sauko da wata manhajar, ita kuma ta ce ba ta so. Masu Mac su ne suka huta a nan, Disk Utility, File, New Image, Image from Folder, ka zaɓi foldar ka zaɓi AES 128 ko 256 ka sa faswod, in kana son ka riƙa ƙara kaya a ciki ka zaɓi read/write. Kar dai ka yarda ta ajiye faswod ɗin a Keychain, ma'ajiyar faswod ta Mac, in akawun ɗaya kuke, don daga ranar ba za ta sake tambaya ba, sannan ka goge asalin foldar don tana nan a buɗe, kwafi ya yi. FileVault kuma shi ne BitLocker ɗinsu. Mu a Linux umarnin chmod 700 a kan foldar ya raba ka da sauran masu akawun, Ubuntu ma daga 21.04 ta fara rufe foldar gidan kowa da kanta, amma mai ikon sudo kamar adimin ne yana karanta komai, sai an yi inkirifshin da LUKS ko gpg.

Wani Ma'aikaci:
Sallama. Ni tawa ta ofis ce, mu uku muke amfani da ita, zan iya yin wannan EFS ɗin a kan hotunan iyalina?

Mai Gyara:
Malam ka kwashe hotunan iyalinka daga kwamfutar ofis kawai. Masu kula da kwamfutocin wurin su ne adimin, kuma a tsarin ma'aikatu ana iya naɗa wanda makullinsa ke buɗe duk abin da aka kulle da EFS, an yi haka ne don kar aiki ya salwanta in ma'aikaci ya tafi. Kuma ranar da aka sauya maka wurin aiki ba lallai a ba ka damar kwashewa ba.

Maman Ummi:
Alhamdulillah na yi. Na sa faswod, na buɗe wa yara nasu, na yanko foldar daga D na kai Documents. Device encryption ɗin yana nan kuma a kunne na same shi, ban ma san da shi ba. Yara dai sun fara ƙorafi wai gem ɗinsu ya koma farko.

Mai Gyara:
Madalla. Wasu gem ɗin a foldar akawun suke ajiye inda aka tsaya shi ya sa, za su saba. Yanzu ki gwada da kanki kar ki yarda da maganata, ki shiga akawun ɗin yaran ki je C, Users, ki danna sunanki, in ya nemi faswod ɗin adimin to ya zauna. Sannan ki koya wa hannunki danna Windows da L duk lokacin da za ki tashi ko da ruwa za ki sha, don in kin bar akawun ɗinki a buɗe duk aikin nan banza ne, ga burauza da faswod ɗin da kika ajiye a ciki ga WhatsApp ɗinki a jone. Kuma kar ki sa shekarar haihuwar Ummi a matsayin PIN, da ita za su fara gwadawa.

Maman Ummi:
Innalillahi malam ka gan ni ne 😂 bari in canza

Ɗan Linux:
Anti tunda kin ce a kunne kika same shi, ki shiga akawun ɗinki na Microsoft ta waya yau ɗin nan ki nemo makullin ceton, lambobi 48 ne, ki tabbatar yana nan ki kwafe shi a takarda ki adana. Wani lokaci in an canza wani abu a cikin na'urar ko an taɓa saitin BIOS, wato saitin da na'urar ke tashi da shi tun kafin Windows, sai ta tashi da shuɗin allo tana neman lambobin, in babu su ko Microsoft ba za su buɗe miki ba. In kin duba ba ki gani ba to yana akawun ɗin wanda ya fara saita laftof ɗin, ki tambayi maigida da imel ɗin wa aka shiga ranar da aka kawo ta.

Autan Gida:
wai shi ƙanin maigidan ya san an sauke shi daga adimin kuwa

Maman Ummi:
Bai dawo ba tukuna, in ya zo yayansa zai yi masa bayani. Maigida ya ce da imel ɗinsa aka shiga, in ya dawo anjima za mu duba lambobin tare.